Tambaya: rikicin Kosovo da Sabiya, faɗan addini ne ko na ƙabila?

Sarkin_Tambaya:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah masu bin tarihi da siyasar duniya ku warware min wani abu. Tun gasar cin kofin duniya ta 2018 da Xhaka da Shaqiri, ƴan wasan Suwizalan masu asali da Kosovo, suka ci Sabiya ƙwallo suka harɗe hannuwa suka yi alamar mikiya ta tutar Albaniya har FIFA ta ci su tara nake jin labarin Kosovo sama-sama, sai kuma a 2023 Djokovic, ɗan wasan tanis na Sabiya, ya rubuta a jikin kyamara wai Kosovo zuciyar Sabiya ce, aka yi ta cece-kuce. Ni dai iya abin da na sani Kosovo ta ayyana ƴancin kai a 2008 ita kuma Sabiya ta ce ba ta san zancen ba. Wasu na cewa ai magana ɗaya ce, an ga ƙasar Musulmi za ta fito a tsakiyar Turai shi yasa ake mata ƙafar ungulu. To in haka ne me yasa Amurka ce ta tsaya musu tsayin daka, kuma na ji wai Iran da Indunusiya har yau ba su amince da su ba? Wallahi abin ya ɗaure min kai.

Malam_Na_Tarihi:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Toh gyara zama, don maganar na da tsawo.

Da farko dai mutanen Kosovo sama da kashi 90 cikin 100 Albaniyawa ne, yarensu daban kwata-kwata da na Sabiyawa, mafi yawansu Musulmi ne amma akwai ƴan Katolika a cikinsu. Sabiyawa kuma Kiristocin Otodoks ne. Matsalar ita ce su Sabiyawa suna ɗaukar wannan yanki a matsayin tushensu, nan daularsu ta da ta yi ƙarfi, nan manyan tsofaffin majami'unsu suke irin su Decani da Gracanica da na Pec wanda shi ne tsohuwar kujerar shugaban cocinsu, kuma nan aka gwabza yaƙin 1389 tsakanin Yarima Lazar na Sabiya da Sarkin Turkawa Murad na ɗaya, dukansu biyu a wurin suka mutu. Wannan yaƙin yaro ɗan Sabiya tun yana ƙarami ake rera masa shi. Daga baya Turkawa suka mulki yankin shekara ɗari huɗu da ɗoriya har zuwa 1912 da Sabiya ta ƙwace shi, a tsakanin nan Albaniyawa da yawa suka musulunta, Sabiyawa da yawa suka yi ƙaura arewa. Kaga ɗaya na cewa ƙasar kakannina ce, ɗaya na cewa ni ne ke zaune a cikinta kuma ni ma kakannina a nan aka binne su.

A zamanin Yugoslabiya, tarayyar da Sabiya ke cikinta, shugabanta Tito ya ɗan lallaɓa abin, kundin tsarin mulki na 1974 ya ba Kosovo cin gashin kanta sosai duk da tana ƙarƙashin Sabiya, suna da majalisarsu da jami'arsu a Pristina, babban birninsu, da ake koyarwa da yarensu. Tito na mutuwa a 1980, shekara na zagayowa ɗalibai suka fito zanga-zanga suna neman a mai da Kosovo cikakkiyar jamhuriya. Su kuma Sabiyawan yankin suna kukan ana takura musu ana sa su barin gidajensu, kuma da wannan kukan Slobodan Milosevic, shugaban Sabiya na lokacin, ya hau ya zama gwarzo. A 1989 ya soke cin gashin kan, kuma a ranar 28 ga Yuni na shekarar ya tara dubban ɗaruruwan mutane a filin da aka yi yaƙin 1389 don cika shekara 600. Bayan nan aka kori Albaniyawa daga aikin gwamnati, malamai da likitoci da ƴan sanda, aka rufe musu ƙofar makarantu, har ta kai suna karantar da yaransu a gidajen mutane da kuɗin da ƴan uwansu na ƙasashen waje ke turowa. Jagoransu na lokacin Ibrahim Rugova ya ce ba ɗaukar makami, haƙuri za a yi har duniya ta gani. Duniya kuwa ba ta gani ba, da aka zauna sulhun Dayton a 1995 kan yaƙin Bosniya ba a warware maganar Kosovo ba, daga nan matasa suka ce haƙuri bai biya ba, ƙungiyar mayaƙan ƴantar da Kosovo, wato KLA, ta fara ƙarfi.

A Maris 1998 jami'an Sabiya suka afka wa gidan Adem Jashari, ɗaya daga jagororin KLA, a ƙauyen Prekaz suka kashe mutum sama da 50 har da mata da yara, nan wuta ta kama sosai. Janairun 1999 aka kashe mutum 45 a ƙauyen Racak, zaman sulhu a Rambouillet ta Faransa ya watse, sai NATO ta fara ruwan bama-bamai kan Yugoslabiya ranar 24 ga Maris, kwana 78 ana yi, kuma ba da izinin Kwamitin Sulhu ba saboda an san Rasha za ta hau kujerar naƙi. Cikin waɗannan watanni aka kori Albaniyawa sama da 800,000 zuwa Albaniya da Masedoniya da Montenegro. Da Milosevic ya janye sojojinsa sai ƙuduri mai lamba 1244 ya miƙa yankin ga Majalisar Ɗinkin Duniya, haka aka zauna a rataye har 17 ga Fabrairu 2008 da majalisarsu ta ayyana ƴanci.

Amsar tambayarka a nawa ganin, faɗan ƙasa ne da ƙabila. Ka duba babban gwarzon Albaniyawa Skanderbeg, mutumin da ya shafe shekaru yana yaƙar Turkawa Musulmi, gunkinsa na tsakiyar Pristina. A garin akwai katafariyar coci da sunan Mother Teresa don ita ma ƴar ƙabilarsu ce. Kundin tsarin mulkinsu ya ce ƙasar ba ruwanta da addini, har an yi ta rigima kan hana ɗalibai mata sa hijabi a makarantun gwamnati. KLA tutar mikiya ta ɗaga, ba ta taɓa cewa jihadi take ba.

Abu_Hafsat:

Malam Allah ya ƙara ilimi amma gaskiya ban yarda a share addini gefe haka ba. In faɗan ƙasa ne kawai me ya kai sojojin Sabiya da ƴan bangarsu rusa masallatai sama da 200 a 1998 da 1999? Masallaci sansanin soja ne? Kuma mutanen nan su ne dai ƴan uwansu suka yanka Musulmi maza da yara kusan 8,000 a Srebrenica a 1995, kuma a Bosniya yare ɗaya suke yi da waɗanda suka kashe, ba abin da ya raba su sai addini, har "Turkawa" suke kiransu don cin fuska. To mutumin da yake kallonka a matsayin ragowar Turkawan da suka kashe masa Lazar kace min ba addini a ransa? Ko Albaniyawa ba su ɗauke shi faɗan addini ba, ɗaya ɓangaren kam ya ɗauka, cocin Sabiya ma ai bata taɓa ɓoye matsayinta ba.

Malam_Na_Tarihi:

Abu Hafsat ban ce babu addini ba ai, kuma maganarka kan ɓangaren Sabiya akwai ƙamshin gaskiya, a wurinsu coci da ƙabila sun cakuɗe ba ka iya raba su. Amma ka ƙarasa labarin. Bayan yaƙi Albaniyawa ma sun huce haushinsu a kan majami'u, a Maris 2004 bayan wasu yaran Albaniyawa sun nutse a kogin Ibar aka baza labarin Sabiyawa ne suka koro su, cikin kwana biyu mutum 19 suka mutu, aka ƙona ko aka lalata coci da gidajen ibada kusan 30 ko fiye, wasunsu sun shekara ɗaruruwa. A daren nan su ma matasan Sabiya suka cinna wa masallatai wuta a Belgrade, babban birnin Sabiya, da Nis. Wanda ya ƙona cocin ba wai ya karanta wani littafi ne ya ga an ce ya ƙona ba, so yake ya goge shaidar cewa waɗancan sun taɓa zama a nan, haka shi ma mai rusa hasumiya. Shi yasa har yau sojojin KFOR, rundunar kiyaye zaman lafiya da NATO ke jagoranta, ne ke gadin Decani.

Ummu_Sadiq:

Ni bari in taɓa ɗaya ɓangaren tambayar da kuka bari, maganar waye ya amince waye bai amince ba, don nan ne zancen addini yake rushewa gaba ɗaya. Kowace ƙasa cikin gidanta take dubawa kafin ta sa hannu. Sifaniya ta ƙi saboda Kataloniya da yankin Basque. Cyprus ta ƙi saboda arewacinta da Turkawa suka ɓalle, Girka na bayanta. Romaniya da Slovakiya na da ƴan ƙabilar Hungary masu yawa. Su biyar ɗin nan duk ƴan Tarayyar Turai ne. Chaina na tunanin Taiwan da Tibet, Indiya na tunanin Kashmir, Indunusiya da ta fi kowa yawan Musulmi ta sha fama da Aceh da Papua ga Timor ta Gabas da ta riga ta fita, Maroko na da Yammacin Sahara. Iran kuwa duk abin da Amurka ta haifa ba ta zuwa sunansa. Turkiyya ta amince tun washegari, Saudiyya ta biyo a 2009, Masar sai 2013.

Abin da zai fi ba ka mamaki, Falasɗinu ba ta amince da Kosovo ba, Isra'ila kuma ta amince, har Kosovo ta buɗe ofishin jakadancinta a birnin Ƙudus a 2021 cikin wata yarjejeniya da gwamnatin Trump ta haɗa. Ƙasar da mafi yawanta Musulmi ne fa! Kuma a Pristina akwai gunkin Bill Clinton da titi da sunansa, ga sansanin sojan Amurka na Bondsteel. Su a wurinsu wanda ya cece su a 1999 shi ne ɗan uwa.

Rasha kuma da take ihun an keta hurumin Sabiya, a watan Agustan 2008 ɗin dai ta amince da Abkhazia da Ossetia ta Kudu da suka ɓalle daga Jojiya, a 2014 kuma Putin ya kafa hujja da Kosovo wajen haɗiye Kirimiya. Turawan Yamma suka ce a'a Kosovo daban ce ba a kwatanta ta da komai. Kowa dai dokar da ta yi masa daɗi ranar yake karantowa.

Sarkin_Tambaya:

Kai madalla, na gode ƙwarai Malam da Hajiya. To amma a shari'ance fa, ba kotu ta yanke hukunci ba? Kuma Sabiyawan da suka rage a ciki yaya suke rayuwa yanzu, ko duk sun gudu?

Dan_Gudun_Hijira:

Kotun Duniya ta yi magana a Yulin 2010, kuma Sabiya ce da kanta ta nemi a kai maganar ta hannun Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya. Alƙalai 10 cikin 14 suka ce ayyana ƴancin bai saɓa dokar ƙasa da ƙasa ba. Amma ka lura da wayon, ba su ce Kosovo ta zama ƙasa ba, ba su ce kowane yanki na da haƙƙin ɓallewa ba, cewa kawai suka yi ba dokar da ta hana mutum furta hakan, kuma ra'ayi ne na shawara ba hukuncin dole ba. Kuma har yanzu ba ta da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya duk da FIFA da UEFA sun karɓe ta tun 2016.

Sabiyawa kuwa da yawa sun fice bayan Yunin 1999 tare da ƴan ƙabilar Roma, an kashe wasu an sace wasu har yau ba a ga gawarsu ba, wannan ɓangaren masu goyon bayan Kosovo ba sa son a taɓo shi amma ya faru. Hashim Thaci wanda shi ya karanta sanarwar ƴancin a 2008, a Nuwamba 2020 sai da ya sauka daga kujerar shugaban ƙasa ya tafi kotu a birnin Hague fuskantar tuhumar laifukan yaƙi. Waɗanda suka rage wasu na warwatse a kudu irin Gracanica, wasu na dunƙule a arewa inda kogin Ibar ya raba garin Mitrovica gida biyu, ka haye gada ka tarar da wata tuta da wani yare, kuma shekara da shekaru Belgrade ce ke biyan albashin malamansu da likitocinsu. A takarda an ba su haƙƙi sosai, kujeru 10 cikin 120 na majalisa nasu ne ko da ba su ci zaɓe ba, yarensu na hukuma ne, taken ƙasar ma ba a sa masa baiti ba don kar a ce da yaren wani aka rera. Amma a 2013 a Brussels an yi alkawarin haɗa ƙananan hukumomin Sabiyawa a ƙungiya ɗaya, har yau ba a kafa ba, Albin Kurti da ya hau kujerar firaministan Kosovo a 2021 na ganin za ta zama ƙasa a cikin ƙasa kamar yadda aka yi a Bosniya, Vucic da ya zama shugaban Sabiya a 2017 kuma da ita yake fakewa ya ƙi nasa ɓangaren.

Kuma abin da aka yi faɗa a kai a 2022 zai baka dariya in ba don jini na zuba ba, lambar mota! Rigimar lambar mota ce ta sa Sabiyawan arewa suka ajiye aikin ɗan sanda da alƙalanci a Nuwamba 2022, suka ƙaurace wa zaɓen ƙananan hukumomi, aka samu ciyamomi Albaniyawa da ƙuri'un da ba su kai kashi 4 cikin 100 ba, da aka zo shigar da su ofis a Mayun 2023 aka raunata sojojin KFOR da dama a Zvecan. Satumba kuma ƴan bindiga Sabiyawa suka kashe ɗan sandan Kosovo a Banjska.

Abu_Hafsat:

To a Banjska ɗin ina ƴan bindigar suka shiga suka ɓuya? Cikin harabar gidan ibadar Otodoks. Ni dai har yanzu ina kan bakana Malam, ku ce ƙasa ku ce ƙabila, amma duk inda aka juya sai an dawo ƙofar coci ko ta masallaci.

Ummu_Sadiq:

Abu Hafsat shi wanda ya jagoranci harin, Milan Radoicic, ɗan kasuwa ne kuma mataimakin shugaban babbar jam'iyyar Sabiyawan Kosovo a lokacin, Amurka ta riga ta sa masa takunkumi tun 2021 kan zargin harkar manyan laifuka, kuma shi da bakinsa ya ce shi ya shirya. Limaman cocin ma sun fito sun nesanta kansu da abin. Gini mai katanga ya samu ya shiga.