Wane suna za mu ba furotin ɗin da ke sarrafa ƙwayar maniyyi?

'Yan uwa malamai da ɗaliban likitanci a Gombe, masu yi wa jama'a bayanin rashin haihuwa a asibiti da gidan rediyo suna cin karo da abin da Turawa ke kira signalling proteins, kuma kowa da yadda yake faɗinsa. Wasu suna cewa furotin na sigina, wasu 'yan aike, wasu kuma masu ishara. Aikin da furotin ɗin ke yi ne ya kamata ya raba gardamar.

Ƙwayar maniyyi ba ta iya shiga ƙwan mace da zarar ta fito, sai ta yi sa'o'i a mahaifa da bututun ƙwai tana kammala shiri, kamar yadda masana kimiyya Austin da Chang suka gano a 1951, kowa a nasa binciken. A wannan lokaci sinadarin bayikabonet yana tayar da wani furotin a cikinta, shi kuma ya tayar da na gabansa, har umarnin ya isa wutsiya. A wutsiyar akwai furotin mai suna CatSper, wanda aka gano a 2001, ƙofa ce da sinadarin kalsiyam ke shiga ta cikinta, kuma a 2011 aka nuna cewa a ɗan Adam sinadarin furojestaron da ke fitowa daga ƙwayoyin da suka kewaye ƙwai yana buɗe ta, wutsiya ta ƙara ƙarfin bugu. Namijin da wannan ƙofa ta lalace masa yana iya kasa haihuwa ko da yawan ƙwayoyin maniyyinsa bai ragu ba.

Saboda haka ban yarda da ishara ba, domin ishara da ido ake ganewa, nan kuwa sinadari ne ke taɓa sinadari. Sigina kuma ta riga ta zama ta waya da mota a bakin mutane. Ɗan aike ya fi kusa, amma furotin ɗaya kawai ya dace da shi sosai, wato PLC zeta da aka bayyana a 2002, wanda ƙwayar maniyyi ke zubawa cikin ƙwai, kalsiyam ya riƙa hawa da sauka har ƙwan ya farka ya shiga hanyar rabuwa. CatSper ba ya zuwa ko'ina, a wurinsa yake zaune. Manzo kuwa, wanda wani ya kawo, nauyinsa na addini ya isa a bar shi.

Shawarata ita ce a ce furotin masu isar da saƙo, a ƙarƙashinsu a bambanta mai karɓa, mai miƙawa da ƙofa. Furotin Izumo na jikin maniyyi da Juno na jikin ƙwai, waɗanda aka gano a 2005 da 2014, aikinsu manne ƙwayoyin biyu ne, don haka a kira su masu haɗawa, kada a cusa su cikin wannan rukuni.