Wane sinadari ke ba turare ƙamshin ɗanyen fure?

Tambaya:
Assalamu alaikum masana. Ina son haɗa turaren feshi mai ƙamshin furen da aka tsinko da safe, marar zaƙi da nauyi. Waɗanne sinadarai ake amfani da su, kuma nawa-nawa? Sannan me ke sa irin wannan haɗi ya koma kamar sabulu, ko ya yi rawaya a kwalba?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ginshiƙin wannan ƙamshi shi ne Hedione. Kamfanin Firmenich ne ya samar da shi, ya yi suna tun da aka sa shi a turaren Eau Sauvage a 1966. In ka shinshina shi shi kaɗai za ka ce ruwa ne, amma yana buɗe haɗi ya sa masa iska, ga ɗan ƙamshin yasmin. Gwada wannan a kan kashi 100: Hedione 30, Florol 20, PEA (fenil etil alkohol) 15 don ƙamshin wardi, linalol 10, sitronelol 8, benzil asetet 5, haidroksisitronelal 5, siklamen aldihaid 2, Helional 2. Ukun da suka rage su ne ran haɗin: cis-3-hexenol 2, mai ƙamshin ciyawar da aka yanke yanzu, da indol 1. Waɗannan biyun sai ka sirka kowanne zuwa kashi 10 cikin ɗari a DPG, wani ruwan sirki marar ƙamshi, kafin ka auna. Da sikeli mai karanta giram 0.01 za ka auna, ka bar ƙirgen ɗigo, domin ɗigon Hedione ya fi na linalol nauyi. Zuba giram 15 na haɗin a giram 85 na itanol, wato alkohol ɗin haɗa turare, ka ajiye a duhu mako biyu zuwa huɗu.

Amsa ta biyu:
Haɗin Malam ya yi. Ƙamshin sabulu yakan zo ne idan aldihaid (irin su haidroksisitronelal, siklamen aldihaid da Helional) da sitronelol sun yi yawa, ko kuma an cire indol saboda warinsa. Kar a cire shi. A kwalba wari yake kamar ƙwayar kafur ta cikin akwati, amma furen yasmin na gaske yana ɗauke da shi, kuma in babu shi fure ba ya yin rai.

Rawaya kuwa dalilinta sananne ne. Idan aldihaid irin haidroksisitronelal ya haɗu da wani sinadarin turare mai suna metil antranilet, sukan ƙulla wani sabon sinadari mai launin rawaya. Indol ma yana yin ja idan haske ya buge shi. Linalol kuma iska ke lalata shi, har ya riƙa sa fata ƙaiƙayi, don haka kwalba mai duhu, a cike, a rufe ruf.

Amsa ta uku:
A kula da tsofaffin lissafin da ke yawo a intanet. Da yawansu na ɗauke da Lilial da Lyral, su ne a da ke ba da ƙamshin farin furen lili, wanda ba a iya tatsar mai daga jikinsa. Tarayyar Turai ta hana sayar da kayan shafa masu Lyral daga 2021, Lilial kuma daga Maris 2022. Florol da Mayol ne ke cike gurbin, ko da yake ba su kai su daɗewa ba. In ƙamshin yana gudu da wuri, rage Hedione zuwa 25, ka sa etilin brasilet 5 ya riƙe shi. Haidroksisitronelal da Helional duk suna da iyaka a ƙa'idar IFRA, ƙungiyar masana'antar turare ta duniya, ka duba ƙa'idar kafin ka ƙara musu ko kashi ɗaya.