"Lissafin dokin Rano": laifin lissafi ne ko na doki?

Ɗan Kurmi: Assalamu alaikum. Jiya muka yi sa-in-sa da yayana kan noman rani. Na rubuta masa komai, kuɗin taki, kuɗin fetur na injin ban-ruwa, da buhunan da za a samu. Ya duba ya ce lissafin dokin Rano ne. Na sake bugawa a waya, ko kobo bai ɓace ba. To lissafin da ya fita daidai, ta ina ya zama na dokin Rano?

Baban Amira: Wa alaikumus salam. Ka saka tsutsa a lissafin?

Malamin Sakandare: Ku bar zagin lissafi. Biyu da biyu huɗu ne tun kafin a kafa Rano, da doki ko babu doki. A 1846 wani Bafaranshe, Le Verrier, ya zauna da alƙalami ya ce a duba wuri kaza a sama, akwai wata duniya. Aka saita madubin hangen nesa a Berlin, sai ga Neptune. Alƙalami ya riga ido gani.

Uwar Biyu: Malam, da kakata na raye da kun kwashe. Awo take sayarwa a cikin gida. Wata rana kawuna ya dawo daga boko yana ta ɗaga hanci, wai ɗaya da ɗaya biyu ne ko a ina, ko a wata. Ba ta tanka ba. Ta auno mudun wake ta juye a ƙwarya, ta auno mudun gero ta zuba a kai, ta ce ya cakuɗa. Sannan ta miƙa masa mudu ta ce auna mini biyun. Na farko ya cika, na biyu ya tsaya a wuya, don geron ya shige tsakanin waken. Ta kama kunnensa ta ce ina sauran hatsina, ɗan nema? Ya rantse har da kuka. Ranar shi ya tsince waken nan ɗaya bayan ɗaya har magariba, kuma har ya yi furfura Mudu Biyu ake kiransa a gidanmu.

Baban Amira: Allah ya jiƙan Iya. Wannan ai farfesa ce.

Malamin Sakandare: Amin. Amma Hajiya, da ta ɗora a sikeli, nauyin bai ragu ba. Mudu ne ya yi ƙarya.

Uwar Biyu: Mudu kuma ake ci, Malam, ba sikeli ba.

Almajirin Zaure: Ko a rabon gado an gamu da irin wannan. Mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji rabi, su kashi biyu cikin uku. In ka haɗa, bakwai ne cikin shida, dukiya ba ta isa ba. Zamanin Sayyidina Umar aka yi auli, aka raba gida bakwai, miji uku, su huɗu, kowa ya ɗan rage. Kuma hatimin da aka sani mai gida tara, ta kowace fuska ka tara 15 ne. Malam Muhammadu Alkashinawi da ya rasu a Alƙahira a 1741 har littafi ya rubuta kan irinsa. Wa ya sa wa lambobi wannan tsari in ba Mahalicci ba?

Ɗan Adawa: Ku kuna ta wahala. A ƙasar nan mun ga zaɓen shugaban ƙungiyar gwamnoni da ƙuri'a 16 ta fi 19, kuma manya ne suka ƙirga.

Baban Amira: Su ai dokin ma sun sayar, suna karɓar kuɗin dusa duk wata.

Ɗan Kurmi: Jama'a, har yanzu ba a ce mini wa ke da gaskiya ba, ni ko yaya.

Jikan Autan Bawo: Ni ɗan Rano ne, kuma na gaji. Duk wanda kasuwa ta kayar sai ya jawo dokinmu. Wa ya taɓa ganin dokin nan da idonsa?

Uwar Biyu: Ɗan Kurmi, nawa ka saka buhun taki a takardar taka? Don farashin makon jiya ba shi ne na yau ba.