Neman shawara: bidiyon hawan sallah ya ƙi tafiya a tsohuwar kwamfutata

Mai tambaya, daga Birni:
Assalamu alaikum ƴan'uwa, da fatan an yi sallah lafiya. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar tace bidiyo. Yayana ya aiko mini da ƙaramar kyamara GoPro HERO7 Black, ta hannu. Ranar hawa na ɗaura wa abokina ita a ƙirji, yana cikin mahayan da suka yi sukuwa a gaban fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram. A jikin kyamarar hoton ya yi kyau ƙwarai, ga kunnuwan doki, ga ƙura, ga jama'a suna darewa. Amma da na juye a kwamfuta sai murya ta riƙa tafiya hoto yana cijewa, fanka tana ta kuka.

Kwamfutar tsohuwa ce: Core i5 na ƙarni na huɗu, RAM giga 4, Windows 10. Na sauke wata manhaja da aka ce kyauta ce, na wahala na haɗa ɗan guntu, da na fitar sai ga tambarinsu ɓaro-ɓaro a tsakiyar hoton. Ni sabon shiga ne. Abin da nake so kawai in yanke, in haɗa, in rubuta sunayen mahaya a ƙasa, in ba iyayen gidansu su gani. Wace manhaja ce za ta yi mini, wadda ba ta kuɗi ba, kuma ba ta buƙatar intanet kullum? Kun san yadda mega take da tsada.

Wani ɗalibi daga jami'a:
Wa alaikumus salam. DaVinci Resolve, ɗan'uwa. Kyauta ce, babu tambari, kuma da ita ake gyara launin manyan fina-finai.

Mai gyaran kwamfuta, Sabon Gari:
Ɗalibi, gaskiya ka faɗa game da ingancinta, amma ba ta wannan injin ba ce. Kamfanin Blackmagic da ya yi ta yana neman RAM giga 16. Shi giga 4 gare shi. Zai ƙone megarsa wajen sauke ta, ƙarshe ko buɗewa ba lalle ta yi ba.

Ƙanena mai tambaya, kafin mu kai ga sunan manhaja, buɗe katin kyamarar ka duba mini sunayen fayilolin. Da GX suka fara ko da GH?

Mai tambaya:
Na duba, Yaya. Da GX suka fara. Akwai kuma wasu ƙanana masu ƙarewa da LRV da THM, ban san amfaninsu ba, har na yi niyyar gogewa.

Mai gyaran kwamfuta:
Kada ka goge. To ga inda matsalar take. GX na nufin an ɗauki bidiyon da tsarin matsewa da ake kira HEVC ko H.265, shi kuwa GH shi ne tsohon tsari, H.264. GoPro ta fara amfani da HEVC ne daga HERO6 a 2017. Amfaninsa, yana matse hoto mai yawa a wuri kaɗan. Wahalarsa, buɗe shi aiki ne mai nauyi. Furosesoshin Intel sun samu sashen da ke buɗe HEVC da kansa sosai ne daga ƙarni na shida, wato na 2015 zuwa sama. Naka na huɗu ne, na wajen 2013. Saboda haka duk nauyin yana faɗawa kan furosesa kai tsaye, shi ya sa fanka take kuka. In kuma da 4K kuka ɗauka, ka sani kowane hoto ɗaya ya ninka na 1080 sau huɗu, ga shi a daƙiƙa ɗaya ana iya samun hoto 60. Duk manhajar da ka sa wa wannan kaya haka nan, cijewa za ta yi, ko ta kuɗi ce ko ta kyauta.

Maganin shi ne manhaja mai abin da suke rubutawa Proxy. Ita da kanta take yi wa kowane bidiyo ƙaramin kwafi mara nauyi, ka yi duk yanke-yankenka a kansa, sai lokacin fitarwa ta koma kan na asali. Kamar tela ne da yake fara fitar da fasali a takarda kafin ya sa wa shadda almakashi. Ni Shotcut nake sa wa mutane. Kyauta ce, ko dala ba za ka biya ba, ba ta sa tambari, ba ta neman rajista, kuma in ka sauke ta sau ɗaya shi ke nan babu ruwanta da intanet. Tana da Faransanci a cikin harsunanta, ga wanda ya fi sabawa da shi. Tun 2020 suka sa mata Proxy. Ka shiga wurin saituna ka kunna shi tun kafin ka jawo bidiyo ciki, sannan ka rage girman hoton dubawa zuwa 360p ko 540p. Zai yi dishi-dishi a idonka lokacin aiki, kada hankalinka ya tashi, wanda za ka fitar tas zai fito.

Sai dai ka yi haƙuri da ita lokacin da take yin ƙananan kwafin, domin dole ta bi kowane bidiyo daga farko zuwa ƙarshe. Ka sa mata aikin da dare in akwai wuta, ka kwanta.

Mai ɗaukar bidiyon biki, Zango:
Maganar Oga mai gyara daidai take, amma zan ƙara abin da ya fi rage mini wahala a sana'a. Kada ka zuba wa Shotcut duk abin da aka ɗauka. Kyamarar ƙirji ba ta san lokacin da abu ya fara daɗi ba, ɗauka kawai take yi. Na tabbata rabin abin da ke katinka jiran layi ne, da wuyan doki, da ƙasa. Akwai wata ƙaramar manhaja, LosslessCut, ita ma kyauta. Aikinta yanka kawai, ba ta sake sarrafa hoton, saboda haka nan take take gamawa kuma ingancin ba ya raguwa ko kaɗan. Da ita za ka cire wuraren da kake so, sannan ka kai waɗannan guntayen kaɗai cikin Shotcut. Ka riƙa barin ɗan rara gaba da baya, domin ba daidai kan hoton da ka nuna take yankewa ba, takan matsa kaɗan.

Waɗannan LRV ɗin da ka so gogewa, su ne ƙananan kwafin da kyamarar take yi don dubawa a waya. Ka kwafe su wani wuri, ka canza ƙarshen sunan zuwa MP4, za su buɗe a VLC, manhajar kallon bidiyo, ba cijewa. Da su za ka kalli komai a natse, ka rubuta a takarda minti kaza zuwa minti kaza nake so. THM ɗan ƙaramin hoto ne kawai mai nuna abin da ke cikin bidiyon, ba shi da wani aiki a wurinka.

Wani abu kuma: in ka ga sukuwa ɗaya ta rabu gida biyu ko uku, ba lalacewa ta yi ba. Kyamarar tana raba dogon ɗauka ne duk kimanin giga 4. LosslessCut tana haɗe su.

Wani matashi, mai shagon caji:
Ni dai ban ga abin wahala ba. Ka tura bidiyon waya ka yi da CapCut, kowa da ita yake yi yanzu.

Malama mai koyar da ɗinki, tana yi wa ƙungiyar mata bidiyo:
Ɗana mai shagon caji, ba ka yi ƙarya ba, wayoyin yanzu da yawa sun fi tsohuwar kwamfuta iya buɗe HEVC. In guntu ne na minti ɗaya za a sa a WhatsApp, ni ma da waya nake yi. Amma bidiyon 4K na wannan kyamara yana cin kusan rabin giga a minti ɗaya, wace waya ce za ta ɗauki na hawa gaba ɗaya? Sannan abubuwa da dama a CapCut sai da intanet, wasu kuma sai an biya. Shi ya ce yana son abin da zai zauna a gida ya koya, ni ina ganin kwamfutar ta fi masa.

Abin da nake son in gaya maka, ɗana mai tambaya, ba na inji ba ne. Iyayen gidan da za ka kai wa ba za su zauna rabin awa suna kallon hoto yana girgiza ba, jiri zai kama su. Ka zaɓi wurare kaɗan masu kyau: fitowa daga gida, isowa ƙofar fada, sukuwar kanta, jinjina. Kuma ka kula da sauti. In doki ya zabura iska ce kawai take buga wa kyamarar. Ka nemi inda algaita da kakaki suka fito sarai lokacin da ake tsaye, ka ɗauko wannan sautin ka shimfiɗa shi ƙarƙashin sukuwar. A Shotcut ana raba sauti da hoto, ba wuya. Wannan kaɗai zai sa a ce wa ya yi maka aikin.

Wani mamba:
Ka zo da kile in sa maka manhajar Premiere wadda aka fasa don a yi amfani da ita ba biya, ko Movie Maker ta da, ita ce mai sauƙi.

Mai gyaran kwamfuta:
Don Allah a'a. Kwamfutocin da ake kawo mini sun cika da birus, da yawansu ta hanyar manhajar da aka fasa abin ya shiga. Premiere kuma ta fi ƙarfin giga 4 ko da ta halak ce. Ita Movie Maker, Microsoft ta daina bayar da ita tun Janairun 2017, waɗanda ake gani a shafuka da sunanta yanzu ba daga gare su ba ne. Kuma tun da Microsoft ta tsayar da tallafin Windows 10 a 14 ga Oktoba 2025, mai irin wannan inji sai ya ƙara taka-tsantsan da abin da yake saukewa. Shotcut ma daga shafinsu na asali za ka ɗauko.

In ka samu ɗan kuɗi nan gaba, abu biyu ne suke canza tsohon inji: ka kai RAM giga 8, wanda shi ne abin da masu Shotcut suke so ga aikin 1080, sannan ka sauya tsohon diski da SSD, wato sabon nau'in diski mai sauri. Yawancin na ƙarninka RAM irin DDR3L suke ɗauka, amma a buɗe a duba kafin a saya. Ka sa a busa fanka a cire ƙurar hunturu, a sake man furosesa. Da zafin watan Afrilu da Mayu a garin nan, injin da ya toshe da ƙura da kansa yake rage gudu don kada ya ƙone. Kada ka ɗora ta a kan katifa ko darduma kana aiki.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, Yaya, Malama, da kowa. Na canza sunan LRV ɗin, ga shi suna tafiya sumul, yanzu nake ganin abin da muka ɗauka da kyau. Gobe in sha Allah zan sauke Shotcut da LosslessCut. Tambaya ta ƙarshe: a gaba yaya zan saita kyamarar don kada in sake shiga wannan? Muna da niyyar ɗaukar hanyar Miriya a kan babur.

Mai ɗaukar bidiyon biki:
Ka shiga saitunanta, wurin matse bidiyo, ka zaɓi wanda aka rubuta H.264 + HEVC, sannan ka sauko 1080. In ka bar ta a 4K mai hoto 60, HEVC za ta yi ko ka so ko ka ƙi. Ka kunna HyperSmooth, shi ne mai hana girgiza tun daga cikin kyamara, domin gyaran girgiza a kwamfuta yana daga cikin ayyukan da suka fi wahalar da tsohon inji. Tun da wutar lantarkinmu ta nan mai hertz 50 ce, ka sa kyamarar a tsarin da aka rubuta PAL, ka ɗauka da hoto 50 ko 25 a daƙiƙa, in ba haka ba fitila za ta riƙa ƙyafta ido a bidiyon cikin ɗaki. Bayan ka saita, ka ɗauki ɗan gajere a ƙofar gida ka duba sunan fayil. In ka ga GH, to ka hau babur.

Wajen fitarwa daga Shotcut kuma ka zaɓi MP4 mai H.264 a 1080, ka tabbata batir ya cika tukuna saboda ɗaukewar wuta. Na asalin da ke kati kada ka goge sai ka ajiye kwafinsu a wuri biyu. In za ka tura wa iyayen gida ta WhatsApp, ka tura shi a matsayin fayil, domin in ka tura a matsayin bidiyo matse shi za ta yi, rubutun sunayen mahayan ya dushe.