Man kariya daga rana: abin da ke shiga jini da abin da ya kamata a yi

An tabbatar cewa wasu sinadaran man kariya daga rana suna ratsa fata su shiga jini. Binciken da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar a 2019 da 2020 ya nuna sinadaran oxybenzone, avobenzone da octocrylene sun haura nanogiram 0.5 a kowace mililita ta jini, oxybenzone ma ya wuce 200. Sai dai an shafa man ne da yawa, a kashi 75 cikin 100 na jiki, har sau huɗu a yini. Wannan 0.5 ɗin kuwa ba ma'aunin guba ba ne. Iyaka ce da idan aka wuce ta, hukumar ke neman ƙarin gwaji. Cutarwar rana ga fata, musamman ga zabiya, ita ce aka riga aka tabbatar.

Mai juna biyu, ko wanda hankalinsa bai kwanta ba, ya duba bayan kwalba ya zaɓi mai zinc oxide ko titanium dioxide. Waɗannan suna zama ne a saman fata, illarsu kawai farin da suke bari kamar an shafa alli, wanda ya fi fitowa a baƙar fata.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙarancin shafawa. Jikin babba na buƙatar kusan mililita 30 na mai SPF 30 (SPF shi ne ma'aunin ƙarfin kariyar man), a sake bayan awa biyu ko bayan gumi. Na feshi kuma a fesa a tafin hannu kafin a kai fuska, don kada a shaƙa. Jaririn da bai kai wata shida ba, inuwa da sutura suka fi masa.