Mai tayil na jinga ko na sikwaya? A ba ni shawara kafin Asabar

Maman Sadiq:

Assalamu alaikum. Don Allah waɗanda suka taɓa sa tayil a gidajensu, ina neman shawara, kuma a ɗan gaggauce.

Shekara shida ke nan muna lallaɓa gininmu a Janguza, yau bulo ɗari, gobe siminti buhu biyar, har Allah ya sa aka yi rufi aka yi fulasta. Ɗakuna mun ce a bar su da daɓen siminti a shimfiɗa leda sai hali ya yi. Amma kicin da banɗaki biyu dole a sa musu tayil kafin mu tare, don hayarmu ƙarshen watan gobe za ta ƙare, ni kuwa na rantse ba zan sake kai wa mai gidan nan ko sisi ba. Baban Sadiq yana aiki a Fatakwal, sai bayan wata biyu yake leƙo mu, saboda haka ni ce injiniya, ni ce mai gadi. In na tashi daga makaranta ƙarfe biyu sai in tari adaidaita in wuce can.

Mutum biyu suka duba aikin. Na farko birkilanmu ne ya kawo shi. Ya ce jinga zai yi, tayil da siminti da yashi duk nasa, in ba shi kashi 70 kafin alƙalami, kwana biyar ya miƙo min mukulli. Na biyu ɗan Togo ne, wata abokiyar aikina ta haɗa mu. Shi kuɗin hannu kawai yake karɓa, a kan kowace sikwaya mita, kaya ni zan sayo. Kuɗin hannunsa ya kusa ninka abin da na farkon ya ware wa aiki, kuma ba zai samu zuwa ba sai nan da kwana goma. Abin da ya ƙara ɗaure min kai, yana shiga banɗakin Hajiya surukata ya tsuguna ya ɗora wani ƙarfe mai ƙwayar ruwa a tsakiya, ya ce mai famfo ya bar bakin rariya sama da yawa, sai an fasa an sauke shi. Na farkon da na faɗa masa dariya ya yi, ya ce ba komai, da siminti za a gyara.

Sannan kicin ɗin mita 3 ne da mita 4, mai jingar ya rubuta min kwali 15 na tayil mai santimita 60 da 60 don ƙasa kaɗai. Ni Hausa nake koyarwa ba lissafi ba, amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Na ƙarshe: na ga wani farin tayil mai sheƙi a Ƙofar Ruwa, kamar madubi, raina ya biya. Zai yi a ƙasan banɗaki? Surukata za ta zauna tare da mu, ta haura saba'in, ga ciwon gwiwa.

Baban Ilham:

Wa alaikumus salam Malama. Bari in ba ki labarina, ki ɗauki abin da zai amfane ki.

Ni ma jinga na bayar, a gidana na bene, banɗakin sama. Aiki ya yi kyau a ido, har hoto na ɗauka na tura wa 'yan'uwa. Ranar farko da na yi wanka na lura ruwa ba ya nufar rariya, bayan ƙofa yake taruwa. Sai uwargida ta ajiye tsintsiyar kwakwa a ciki, duk wanda ya yi wanka ko alwala ya share ruwan da hannunsa ya kai shi rami. Muka yi wata bakwai a haka. Wata rana ina kwance a falon ƙasa na ɗaga kai, sai ga taswira a silin, launin ruwan shayi, fenti ya kumbura kamar ƙosai. Ruwan da yake kwana bayan ƙofa ya bi ta tsakanin tayil ya ratsa kankare. Na kira mutumin ya fi sau ashirin, kullum yana Abuja wurin wani aiki. Ƙarshe wani na ɗauko, aka farfasa ƙasan gaba ɗaya, tayil ɗaya bai fita da rai ba. Na biya kuɗin aiki sau biyu, na sayi kaya sau biyu.

Saboda haka wanda ya tsuguna ya auna rariya tun ba ki tambaye shi ba, ni dai shi zan riƙe. Wanda ya ce da siminti za a gyara, ki tambaye shi ta yaya. In bakin rariya yana sama, sai dai ya ɗaga ƙasan banɗakin duka don ya samu gangara, ƙarshenta banɗaki ya fi ɗaki tudu, ruwa ya riƙa fitowa kan ledar Hajiya. Ƙasan banɗaki ƙasa da na ɗaki ake so ya zauna, ko da yatsa ɗaya ne ko biyu.

Kashi 70 kuwa kada ki soma. Mai aiki in kuɗinsa ya shige aljihu, ke za ki koma bin sa.

Na Kurna mai tayil:

Hajiya barka da ƙoƙari, Allah ya sa a shiga lafiya. Sana'ata ce, shekarata goma sha huɗu a ciki, don haka zan faɗi gaskiya ko da ta taɓa 'yan'uwana.

Lissafin kicin tukuna. Mita 3 sau 4, sikwaya 12 ke nan. Kwalin 60 da 60 guda huɗu ne a ciki, yana rufe sikwaya 1.44. Kwali tara ya rufe ƙasan. A ƙara kashi 10 saboda yanka da fashewa, ya zama goma. In za a zagaya gindin bango da siket, wato siririn layin tayil, a ƙara ɗaya, sha ɗaya. Ragowar huɗun ki tambaye shi ina za su. Kuma ki sayi duka rana ɗaya, ki duba lambar da ke jikin kwali ta zama iri ɗaya, don kamfani ɗaya, zane ɗaya, amma in gashin ya bambanta sai ki ga wani ya fi wani duhu bayan an shimfiɗa. Ki ɓoye rabin kwali a sito saboda gaba.

Amma ban yarda da maganar da mutane ke yi cewa sai ɗan Togo ko ɗan Kwatano ne ya iya aiki ba. Sun yi suna, kuma da dalili, yawancinsu sun daɗe a hannun oga kafin a yaye su, ba sa gaggawa. Sai dai na sha gyara aikin da aka ce ɗan Togo ne ya yi, kuma akwai yaranmu a nan Kano da in suka ja layi kamar da zare aka ɗinka. Kada ki sayi sunan gari. Ki ce kowannensu ya kai ki gidan da ya yi aiki shekara biyu da suka wuce, ba wanda ya gama jiya ba. Ki tafi da mukulli a hannu, ki riƙa ƙwanƙwasa tayil ɗin, tsakiya da kusurwa. In kika ji ƙwal-ƙwal kamar ganga, ƙarƙashinsa rami ne, ɗigo-ɗigon siminti aka sa aka manna don a yi tsimi. Irin wannan ne yake tsagewa ranar da tukunyar gas ta sauka a kansa da ƙarfi. Ki roƙi matar gidan bokitin ruwa ki sheƙa a banɗakinsu, ki tsaya ki ga inda zai nufa.

Gangara ba abu ne mai yawa ba, santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita ya isa, amma ta kowane ɓangare ta nufi rariya. Shi ya sa a ƙasan ƙaramin banɗaki na fi son 30 da 30. Babban tayil ba ya lanƙwasa, in an matsa sai an sa shi sai an yanka shi ta kusurwa, in ba haka ba ruwa ya kwanta.

Wani abin da za ki tambaye su: da me za ku manna? Tayil na yau da kullum, wanda bayansa ja ne, yana shan ruwa, ana jiƙa shi a baho kafin a ɗora a kan siminti. Mai ƙarfin nan da ake kira foselen kusan ba ya shan ruwa sam, siminti zalla ba ya kama shi da kyau, musamman a bango, sai da gam ɗin tayil na buhu. Wanda ya ce miki duk ɗaya ne, ki sallame shi. Kuma ya sa 'yan robobin nan masu kamar alamar tarawa a tsakani, ya bar layi na milimita biyu ko uku. Masu gida suna son a haɗe shi ƙam babu layi, wai ya fi kyau, amma da zafin Kano na watan Afrilu tayil yana motsi, in bai samu wurin numfashi ba sai ya yi tozo ya tashi.

Biya kuma kashi uku ake yi: kaɗan ranar da ya sauke kayan aiki, wani in ya gama bango, cikon sai kin zuba ruwa da hannunki. Mai aikin kirki ba ya jin haushin wannan. A rubuta a takarda, birkila ya zama shaida.

Anti Bilki:

Maman Sadiq, ki rufa wa kanki asiri ki bar mai sheƙin nan a bango. A ƙasa in ya haɗu da ruwan sabulu ya fi kuɓewa santsi. Yayata ta zame tana alwala, buta a hannu, ta yi wata uku ana kai ta wurin ɗori. Ki nemi mai kaushi. In kin je kasuwa ki ɗiga masa ruwan leda ki murza da tafin hannu, masu shago sun saba, ba za su ce komai ba. Ki sa mai famfo ya kafa wa Hajiya ƙarfen dafawa a bango kusa da wurin zama, kuma ya gwada duk bututunsa da ruwa kafin a rufe su, kada a gama aiki a dawo ana fasa miki bango.

Kicin kuma kada ki sa farin siminti a layin ƙasa. Nawa fari na sa, manja da miyar kuka suka mayar da shi abin da ba na son baƙi su gani, na goge da buroshi har na haƙura. Mai ruwan toka ko ruwan ƙasa ya fi rufa asiri. Sannan turmi a tsakar gida, ki gaya wa yara tun yanzu. Tayil ɗina guda biyu suka tsage a kan dakan sakwara ɗaya.

Maman Sadiq:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na Kurna, jiya bayan la'asar na kira mai jingar na karanta masa lissafinka. Ya yi shiru, can ya ce ai da na bango ya haɗa, alhali na bangon yana rubuce daban a ƙasan takardar da hannunsa. Na ce ya kai ni tsohon aikinsa, ya ce mai gidan ya yi tafiya. Ɗan Togon ya ce in same shi Asabar ƙarfe goma a Rijiyar Zaki, akwai gidan da ya yi shekara uku da suka wuce, matar gidan ta yarda in shiga har banɗaki. Na riga na sa mukullin sito a jaka.

Saura kwana goman nan da zan jira shi. Baban Sadiq ya ce in je in roƙi mai gidan haya ya ƙara mana sati biyu, ni da na rantse. Akwai wanda ya san ko ana lissafa wa mutum hayar sati biyu, ko sai ya biya wata cur?