Saiwar irƙus-sus don ƙaiƙayin kai da amosani

Maman Khalil: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wace ce ta taɓa amfani da irƙus-sus a kai? Fatar kaina ƙaiƙayi take yi ba dare ba rana, ga amosani har kan hijabi. An ce mini tana kuma tsiro da gashi.

Anti Rabi: Wa alaikumus salam. Sannu Maman Khalil. Ina amfani da ita, kuma ta fuskar ƙaiƙayi na ga amfaninta. Amma ki sayi saiwar kanta, kada ki sayi gari, don ba ki san abin da aka niƙa a ciki ba. Ana samu a shagunan magungunan Musulunci. Siririyar saiwa ce, bayanta ruwan ƙasa, cikinta rawaya, in kin tauna zaƙin zai daɗe a maƙogwaro. Ki daddaka ta, ki zuba cokali 2 a ruwa kofi 2, ki tafasa kamar minti 15, ki tace da ƙyalle mai tsabta. In ya huce, bayan kin wanke kai sai ki zuba, ki murza fatar da tsokar yatsu, banda farce. Ki ba shi minti 20 ki ɗauraye. Kada ki ajiye ragowar ya kwana biyu, saurin lalacewa gare shi.

Ummu Sadiq: A Masar na san ta, can sha ake yi, musamman da azumi. Matan Indiya kuwa garinta suke kwaɓawa su shafa a kai. Ni da kindirmo da jiƙaƙƙiyar hulba nake haɗawa, gashi yana laushi sosai. Sai dai irin gashinmu yana riƙe gari, don haka na fi yarda da tacewar da Anti Rabi ta ce.

Hajiya Mariya: Bari in sa baki, tunda aikin jinya nake yi. A cikin saiwar akwai sinadarin glycyrrhizin, shi ne mai zaƙin, ya fi sukari zaƙi sau 30 zuwa 50, kuma yana kwantar da kumburi da jan fata. Shi ya sa ƙaiƙayi ke lafawa. Amma amosani mai yawa galibi wani naman gwari ne mai suna Malassezia ke haddasa shi, yana rayuwa ne da maiƙon fatar kai. Wannan kuwa shamfu mai ketoconazole kashi 2 cikin 100 ne maganinsa, sau 2 a mako, a bar kumfar minti 5 kafin a ɗauraye, tsawon mako 2 zuwa 4. Ki kuma rage lafta mai a fatar, ki bar man kaɗanya ya tsaya a jikin gashin. Zancen tsiro da gashi kuwa, babu ƙwaƙƙwarar hujja a kan mutane, kada a cuce ki da tsada a kan haka.

Maman Khalil: Allah ya saka da alheri Hajiya. To in na haɗa da sha fa, ba zai fi saurin aiki ba?

Hajiya Mariya: A'a ƙanwata, nan ne haɗarin yake. Yawan shanta kullum na sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, ya zubar da sinadarin fotashiyam, sai hawan jini, kumburin ƙafa, har bugun zuciya ya rikice. Mai ciki, mai hawan jini, mai ciwon ƙoda ko zuciya, duk su bar shanta. Ko shafawar ma ki fara gwada kaɗan a bayan kunne ki jira kwana guda. In kuma yaro ne gashinsa ke guntulewa a kewaye, makero ne, maganin sha yake buƙata daga asibiti, wanki da saiwa ba ya kashe shi.

Gwaggo Asabe: 'Ya'yana ku kula da wani abu. Saiwar idon zakara ma tana da ɗan zaƙi, akwai masu saye a madadin wannan. 'Ya'yan nan nata ja da baƙi guba ne mai kisa in an tauna. Gida mai yara kada a shigo da ita.

Zainab: Gwaggo mun gode. Ni gashin gaba ne ya cinye mini, ko irƙus-sus ɗin za ta taimaka a nan ma?

Anti Rabi: Zainab, wannan aikin kitso ne mai ɗaurewa da ƙarin gashi mai nauyi. Ki ce wa mai kitsonki ta sassauta hannu, ta bar ƙananan gashin goshi, ki huta da ƙari na 'yan watanni. In an bari ya daɗe, wurin yakan mutu ya ƙi fitowa.

Maman Khalil: To zan fara da shamfun, in riƙa ɗauraya da ruwan saiwar ranar da ban sa shi ba. Anti Rabi, a Kano wane ɓangare zan nufa?

Anti Rabi: Kasuwar Kurmi, wajen masu kayan ƙamshi da saiwoyi. Ki ce a karya miki guda ki ga rawayan cikin kafin ki biya.